Ɗaurin da Ya Yi Wutsiya

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, kamar yadda na saba ambaton Sa kafin in tsoma burushi a gwangwani.

Samarin da ke zuwa shagona a Ƙofar Kwaya kwanakin nan, da gwangwanayen feshi a jaka, sukan nuna mini bangon da suka zana a cikin waya, su ce, "Baba Ummaru, an ce kai ka fara wannan abu a Katsina. Ai ba wuya, ko? Ka girgiza, ka fesa, ka wuce." Nakan ce su zauna in gaya musu. Ba sa zama. To tunda ba sa zama, bari in rubuta, wanda ya sami sarari ya karanta.

Ni ban yi boko ba. Allo na yi har na sauke, kuma malaminmu mutum ne mai tsanani a kan kyan hannu. In ka rubuta harafin wau cikinsa ya toshe da tawada, allon duka za ka wanke. Da wannan hannu na shiga leburancin fenti a shekarun da kuɗin mai suka malalo, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya ce shi sai ginin bulo. Unguwar Kambarawa da muka sani da gonakin gero da tsamiyoyi, cikin 'yan shekaru ta koma katanga bayan katanga, dogaye, babu ko tsaga. Mu ne masu shafa musu fari. Mutumin da ya saba da allo, in ya wuni yana kallon farin bango babu komai a kai, hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Bangon da na fara taɓawa na wani gida ne da aka sare tsohuwar tsamiya aka kafa shi a gurbinta. A gindin tsamiyar nan Fulanin da ke kawo nono gari suke sauke ƙwarya su huta. Bayan azahar ne, lokacin da rana ta kori kowa cikin gida har karnuka. Na ɗauki gawayi na rubuta da ajami, kowane baƙi ya kai kamu guda: "Ina inuwar?" A ƙasa na ja layi uku kamar sawun zabuwa, don ban son sa suna. Washegari na biyo ta wurin na tarar da mutane tsaye. Mai gidan bai iya ajami ba. Da ya ga baƙaƙen larabci sai ya ce asiri aka yi masa, ya hana kowa gogewa har sai an kira malami. Malamin ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Alhaji, wanga ba asiri ba ne. Tambaya ce."

Mai gidan ya ce, "To wa ya aiko ta?"

Ranar na gane abu guda. Rubutun boko kowa na iya sa tsumma ya goge. Ajami kuwa, mutanenmu duk inda suka ga baƙinsa sai hannunsu ya yi sanyi, don ba su san ko aya ce ba. Daga gawayi na koma bula, daga bula na koma kankarar ragowar fenti a gindin gwangwanayen da muka gama da su. Inda aka cike rijiya aka yi gareji, na rubuta, "Da rijiya a nan." Inda katanga ta datse burtali, na rubuta, "Hanyar shanu ce." Wani dogon gida na rubuta masa, "Mai katanga, gaida maƙwabci." Ko'ina da sawun zabuwa a ƙasa. Gari ya ɗauki zargi. Wasu suka ce gwamnati ce ke sa alamar gidajen da za ta rushe. Wasu suka ce aljanin tsamiya ne. Wani ya kori mai gadinsa, wani ya daina gaisawa da ƙanensa. Ni kuwa ina cikin masu tsayawa a karanta, ina girgiza kai tare da kowa.

Doka ɗaya na kafa wa kaina tun ranar farko, kuma har yau ban karya ta ba. Ban taɓa sa aya ko sunan Ubangiji a bango ba. Bango a bakin kwata yake, akuya na goga jiki da shi, mai wucewa yana tsugunawa gindinsa. Ku masu feshi ku riƙe wannan ko kun manta sauran.

Wanda ya kama ni ba ɗan sanda ba ne. Mista Yohanna ne, mutumin kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a lokacin, mai rubuta allunan shaguna da lambobin mota. Ya zo wurin da muke shafe wani gini, ya tsaya yana kallon ƙafafuna, inda shuɗin fenti irin na rubutun katangun nan ya ɗiɗɗiga alhali mu fari muke shafawa. Ya ce, "Kai ne mai ƙafar kaza."

Na ce, "Zabuwa ce."

Sai da maganar ta fita na ji abin da bakina ya yi mini. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ni ban iya karanta abin da kake rubutawa ba. Amma na je da igiya na auna layinka, bai karkace ba. 'Yan kasuwa suna son allonsu da boko da ajami, ni rabi na iya. Ka zo shago." Kwana uku ina zagaya shagon nan daga nesa, ina duba ko akwai mai kaki a ɓoye, kafin na yi sallama.

A wurinsa na san cewa da can wasa nake yi. Wata biyu bai ba ni burushin rubutu ba, sai goge katako da yashi da shafa farin fenti na farko. Ya koya mini shafa wa igiya bula, a ɗaure ta gefe da gefe, a ja tsakiyarta a saki, ta bar layi miƙaƙƙe. Ya koya mini sandar jingina hannu, mai ƙullin tsumma a kai, don kada gwiwar hannu ta taɓa ɗanyen aiki. Burushin kanti yake amfani da shi, amma na siririn layi da gashin jelar akuya muke ɗaurawa. Ni kuma na kawo nawa: na riƙa yanke bakin burushi a karkace, yadda muke fiƙe alƙalamin kara, don baƙin ajami ya yi kauri inda ya kamata ya yi siriri inda ya kamata. Fentin mai da kananzir muke sassauta shi. Ka tsoma tsinke ka ɗaga: in ya zubo kamar zare, ya yi, in ya ɗiga kamar ruwa, ka ɓata. Kuma ya sha gaya mini, "Fentin mai munafuki ne. Sama ya yi fata kamar ya bushe, ciki ɗanye. Kada ka taɓa barin aiki ɗanye a hannun wani."

Masu kawo aiki kuwa, ban ga wanda ya yarda da mu ba. Tela zai zo da ma'auni ya auna sunansa, ya je ya auna na maƙwabcinsa, ya dawo da faɗa. Direban babbar mota zai tsaya a kanka tun daga farko har ƙarshe kada ka sauya masa launi. Wanda bai iya boko ba zai kawo ɗansa ya karanta aikin Mista Yohanna, wanda bai iya ajami ba zai kawo liman ya karanta nawa. A lokacin an riga an san ni ne mai sawun zabuwa, don hannu ba ya ɓuya. Wasu sun yi dariya, wasu sun riƙe abin a ciki.

Aikin da ya juya mini rayuwa ƙofar ƙarfe ce, ƙyaure ɗaya mai faɗi, ta gidan Alhaji Barau ɗan kwangila a Kambarawa. Gari na raɗe-raɗin cewa da simintin aikin gwamnati gidan ya tashi. Ni ban gani ba, ban shaida ba, kuma ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya kira ni ya ce, "Na ji kai ne mai yi wa katanga tambaya. Ni ba tambaya nike so ba. Sunana nike so, da ajami, ruwan zinare bisa kore." Wanda ya ƙera ƙofar Iro ne mai walda, abokina tun makarantar allo, hannunsa a rubutu bai fi nawa ba amma bai gaza shi da yawa ba. Safiyar Juma'a ce, ƙofar tana jingine da katanga ba a kafa ta ba tukuna. Ina cikin ja, Iro ya leƙo ta bayana ya ce, "Ummaru, ka kula da wau ɗin nan. Tsakanin Alhaji da sunan da gari ke kiran shi, wutsiya ɗaya ce." Na ce ya rufa mana asiri ya koma ga ƙarfensa.

Ku 'yan boko sai na yi muku bayani. Barau a ajami baƙi uku ne: ba, ra, wau. A kan wau ana sa ɗan ƙaramin zobe, sunansa ɗauri, ma'anarsa murya ta tsaya nan. In zoben nan ya yi 'yar wutsiya mai lanƙwasa, ya tashi daga ɗauri ya koma rufu'a, sai wau ya buɗe baki ya ce "wo". Ba da ɓa kuwa da baƙi ɗaya muke rubuta su, mai karatu ne ke bambancewa. Sannan ga laifina, wanda ba na ɗora wa kowa: ƙofar tana da faɗi, sai na ga sunan ya yi gajarta, na tsayar da alif bayan ra don ya cika ido. Wasu na rubutawa haka. Malaminmu da ya gani da sai na wanke allo. Da alif ɗin nan a wurin, babu abin da ya raba Barau da ɓarawo sai wutsiyar nan da Iro ya faɗa.

Ɗaurin shi ne abu na ƙarshe da na sa. Na cika shi da fenti sosai don ya yi tudu ya ɗauki rana. Na duba sau uku, zobe ne cif. Aka yi kiran farko, na wanke hannu na tafi masallaci, daga can na wuce gaisuwar mutuwa a Ƙofar Kwaya. Bayan la'asar Iro da leburori suka kafa ƙofar. Ban koma ba.

Da safe aka aiko a kira ni. Tun daga nesa na hango taro, wani yana karanta wa waɗanda ba su iya ba, da ƙarfi: "Gidan Alhaji Ɓarawo." Na kutsa na duba. Ɗaurina ya yi wutsiya. Ba ɗigo ba ne irin wanda na sani, wutsiya ce mai lanƙwasa, kyakkyawa, kamar wanda ya iya ne ya ja ta.

A zauren mai unguwa aka zauna, da ni, da Alhaji Barau, da Iro. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Mai unguwa ya ce, "Ba a kai nan ba. Malam Ummaru, wa ya rubuta 'Ina inuwar'?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"'Hanyar shanu ce' hwa?"

"Ni ne."

"To mutumin da ya shekara shina gaya wa masu gida magana ta bayan katanga, yau an ba shi ƙofa da zinare, mi kake so mu ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi wanda ya taɓa ƙofar bayana." Da na faɗi haka sai na juya na kalli Iro. Ban kira sunansa ba, kallonsa kawai na yi, amma kowa a zauren ya ga inda idona ya sauka.

Iro ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni ƙarhe na sani."

Hukuncin bai da tsawo. Burushina kada ya sake taɓa bango, ko ƙofa, ko allon shago a unguwar. Kafin sati maganar ta zaga sauran unguwanni, kowane mai unguwa ya ce shi ma haka. Alhaji Barau ya sa aka shafe ƙofar da baƙin fenti tun daga sama har ƙasa.

Wannan ita ce muguwar shekara, kuma ba shekara ɗaya ta yi ba. Wani tela ya ciro allon da na rubuta masa tun bara waccan, ya kai wa malamai biyu daban-daban su karanta masa, ko na ɓoye zagi a ciki. Wani mai shago ya kankare sunansa da na rubuta da wuƙa. Mista Yohanna ma aikinsa ya ragu saboda ni, amma bai kore ni ba. Ya mai da ni ɗakin baya, ina goge katako kamar ranar da na fara. Na tambaye shi, "Maigida, ka yarda ni na yi?" Ya ce, "Ni ko karantawa ban iya ba, balle in yarda ko in ƙi. Abin da na sani, na ce kada ka bar aiki ɗanye." Allah Ya yafe mini, shi ma akwai makon da na riƙa tunanin ko wani ya nuna masa inda zai ja.

A ɗakin bayan nan na fara bincike. Takardar buhun siminti a lokacin ko'ina take, mai kauri, ruwan ƙasa, sai ka tsinta a bakin kowane gini. Nakan buɗe ta in kafe a bango da ƙusa, in rubuta wau da ɗaurinsa, in zauna in jira. Na gwada da fenti mai kauri, na gwada da mai ruwa. Na gwada cikin zafin bazara, na gwada cikin laimar damina. Na yi da zinare, da shuɗi, da kore, da duk ragowar da na samu. In zai zuba, miƙe yake zuba, ƙasa sak, kamar igiyar magini. Ko sau ɗaya bai lanƙwasa ba. Sai na yanke cewa hannun mutum ne. In kuwa hannu ne, mutum ɗaya ne a wurin da ya iya jan rufu'a mai kyau haka, kuma da bakinsa ya ambaci wutsiya da safe.

Masallacinmu ɗaya da Iro, sau da yawa sahu ɗaya. Ban daina yi masa sallama ba, don ba na son zunubin gaba. Amma daga sallama ba na ƙara komai. Ba ina kwana, ba ya gida, ba ya aiki, ba ya yara. A Katsina wanda aka yi wa haka ya san abin da aka gaya masa. Shi ma bai ƙara ba. Haka muka yi shekara uku.

Madam Rifkatu 'yar'uwar matar Mista Yohanna ce, mutuniyar Filato, tana koyar da zane a Kaduna, kuma tana da wani ɗaki da ake rataye zane mutane su zo kallo su saya. Ta kawo ziyara, ta leƙa ɗakin baya neman kujera, ta tsaya. Bangon duka takardun siminti ne, wau a kan wau, launi-launi, kowane da zirin fenti yana gangarowa. Ta ce, "Malam, me wannan ya ce?"

Na ce, "Bai ce komi ba. Baƙi ɗaya ne."

"Za ka ba ni goma in kai Kaduna?"

"A yi mi da su?"

"A rataye."

"In an rataye a yi mi?"

"A kalla."

"Sannan?"

"Shi ke nan, Malam."

Ban yarda ba. Allon tela yana kiran mai ɗinki, lambar mota tana hana kamu, rubutun bango ma magana yake da mai gida. Amma baƙi ɗaya a takardar shara, a ce mutum zai taso ya zo kallo kawai? Na ce ko dai za a sayar wa Turawa a ce laya ce, ko a rataye inda ake shan abin da bai kamata ba. Na kafa mata sharaɗi: da ƙafata zan je in ga wurin, kuma duk wanda ya tambaya a gaya masa gaskiya, ba aya ba ce, ba addu'a ba ce. Ta ce ta yarda. Na sa ta maimaita a gaban Mista Yohanna.

Da na shiga ɗakin nan a Kaduna sai na ga farin bango ne dai irin na Kambarawa, sai dai an yi masa rufi. Na duba kusurwa-kusurwa, na leƙa bayan labule, ban ga kwalba ba. Mutane suka zo, ma'aikata masu sabbin motoci, da 'yan Ikko, wato Legas, da Turawa. Wani Bature ya daɗe gaban wata takarda, ya tambayi Madam ko addu'a ce. Na ce, "Ki ce mishi bincike ne." Ta gaya masa, ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya saya.

Daga nan ta aiko mini da yadi mai kauri da ake ɗamewa a katako. Kada ku ɗauka wanda ya iya bango ya iya yadi. Yadi shan fenti yake yi sai ka shafe shi da fari sau biyu ka goge, kuma yana lotsawa ƙarƙashin burushi, ba ya tura hannunka baya kamar bulo. Bango mai tafiya ke karanta shi, sai ka yi masa magana a taƙaice. Yadi kuwa mutum tsayawa yake yi a gabansa har ya ga inda numfashinka ya yanke a tsakiyar alif. Na ɓata yadi da yawa kafin na gane. Na dawo da tsofaffin maganganuna na katanga, na yi "Ina inuwar?" da shuɗi a kan ruwan ƙasa. Wanda ya saye shi, an ce mini, gidansa katanga ce zagaye mai fasassun kwalabe a sama. Har yau ban gama gane masu sayen nan ba, kuma duk zanen da zai fita sai na tambayi ɗakin da za a kai shi. Sunana ya fara tafiya a Kaduna da Ikko. A Katsina kuwa ni ne dai mutumin da ya zagi Alhaji a ƙofar gidansa, kuma ko allon mai shayi ba a ba ni.

Wani babban yadi ne, a shekara ta uku, na gama shi da hantsi a ɗakin bayan nan. Direban Madam ya iso da a-kori-kura yana sauri. Na fita alwala, kafin in dawo shi da Mista Yohanna sun ɗauko. Ƙofar ɗakin ƙarama ce, yadin ba ya fita a tsaye, sai suka kwantar da shi a gefe, suka fitar, suka sake miƙar da shi a jikin mota. Na ɗaga murya na ce ɗanye ne. Na zo na duba. Akwai wani zobe da na cika da fenti a sama. Fatarsa ta fashe lokacin da suka kwantar, fentin ya bi gefe, da suka miƙar sai ya juya ya bi ƙasa. Ga wutsiya nan mai lanƙwasa.

Mista Yohanna ya ce, "Ya ɓaci?"

Na ce, "Maigida, riƙe mini katakon can."

Na kafa takarda a katako, na yi ɗauri mai tudu, muka jira ya yi fata. Muka kwantar, muka miƙar. Wutsiya. Muka sake. Wutsiya. Shekara uku ina kafe takarda a bangon da ba ya motsi, ban taɓa tunanin cewa ƙofa ɗaukarta ake yi ba.

Bayan la'asar na tafi rumfar Iro. Yana tsugune yana walda, ya ɗaga gilashin fuskarsa. Na yi sallama ya amsa. Na ce ina wuni. Ya dube ni. Na ce ya gida, ya yara, ya aiki, ya jikin Inna, ya muka ji da zafi. Sai da na kai ƙarshen gaisuwar duka, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Sai yau?"

Na ce, "Iro, ranar da kuka kafa ƙofar nan, a tsaye kuka ɗauke ta?"

Ya ajiye abin waldar. Ya ce, "Akwai tulin yashi tsakanin katanga da bakin get. Ba ta wucewa a tsaye. A gicciye muka ɗauke ta, mu huɗu."

"Ka san abin da ya hwaru ke nan."

"Ranar ban lura ba. Bayan kwana biyu na gane."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya ce, "Ummaru, shekara nawa muna wanke allo a kasko ɗaya? A gaban mai unguwa ka juya ka kalle ni. Na ce to, bari in ga ranar da zai zo ya tambaye ni da baki. Kullum ina ganin ka a sahu. Ba ka zo ba."

Na ce, "Ka bar ni shekara uku ba ni da suna a garin ubana."

Ya ce, "Kai ma ka bar ni shekara uku ana nuna ni da leɓe."

Sannan na ce ya yafe mini, ya ce in yafe masa, muka yi musabaha hannunsa duk baƙin ƙarfe.

Washegari muka ɗauki katako da takarda da gwangwanin zinare, ni da Iro da Mista Yohanna, muka je zauren mai unguwa. Aka kira Alhaji Barau. Na rubuta sunan yadda na rubuta shi da fari, har da alif ɗin, na nuna wa kowa ɗaurin ya shaida zobe ne. Muka zauna muna jiran ya yi fata. Iro ya kama gefe, Mista Yohanna ya kama gefe, suka kwantar, suka miƙar. Alhaji ya matso har hularsa na neman taɓa takardar. Ya ce, "Sake." Muka sake. Wutsiyar ta fito kamar an kira ta.

Ya koma ya zauna, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "To, na yarda fenti ne. Amma shi fentin, wa ya gaya mishi?"

Mai unguwa ya duƙar da kai yana gyaran murya. Da ya ɗago ya ce an ɗage mini takunkumi, kuma shi da kansa zai aika wa sauran masu unguwanni. Alhaji Barau ya miƙe, har ya kai bakin zaure ya juyo ya ce in zo in kankare baƙin fentin nan in mayar masa da sunansa. Ya ce, "Amma da boko."

Da boko aka yi. Mista Yohanna ya ja layi ya fitar da baƙaƙen, ni na cika su da zinare, ƙofar tana kafe a inda take. Da muka gama kowa ya watse, ni na jawo bulo na zauna a gefenta. Na yi azahar a nan, na yi la'asar a nan. Iro ya kawo mini fura ya ce ai ƙofar ba inda za ta. Na ce na sani. Ban tashi ba sai da na danna farce a kan harafin ƙarshe bai shiga ba.

Zanena ya je garuruwan da ni ban je ba, alhamdu lillahi, kuma bangon Katsina ma na koma masa, da izinin masu shi. Wanda ke son koyo cikinku ya zo da hantsi, ya bar gwangwanin feshin a gida. Akwai bulo a bakin shago. Zama za mu fara.